Wane kebul ne ke kwashe fayiloli daga kwamfuta zuwa kwamfuta kai tsaye?

“Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Jekadafari, nan cikin Gombe. Tsohuwar kwamfutata ta tebur mai Windows 10 ta cika, akwai aikin mutane kusan giga 400 a cikinta. Na sayi laftof 'yar Kwatano mai Windows 11, ina so in mayar da komai kanta. Filash ɗina giga 32 ne, kuma ya ƙi karɓar wasu bidiyoyin, sai ya ce sun yi masa girma alhali akwai fili. Wani ya sayar mini da kebul na USB mai kai biyu iri ɗaya, ya ce in soka nan in soka can. Ban gwada ba tukuna. Zai yi? In ba zai yi ba, wane kebul ne ke yi?”

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kyauta da ka tambaya kafin ka soka. Abin da kake nema shi ne kwamfutocin biyu su yi magana da juna kai tsaye, babu filash a tsakani, babu data, babu jiran intanet. Wannan yana yiwuwa, kuma aiki ne da muke yi a shago kullum. Amma ba da wannan kebul da aka sayar maka ba. Ajiye shi gefe tukuna. Kebul ɗin da zai yi maka aikin shi ne na LAN, wanda ake haɗa kwamfuta da rauta da shi, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, kuma ina kyautata zaton ya fi wanda ka saya arha.

Me ya sa na USB ba zai yi ba

Tun asali an tsara USB ne a kan cewa ɓangare ɗaya shi ne maigida, ɗayan kuma mai karɓar umarni. Kwamfuta ita ce maigida. Ita ke ba da wuta mai bolt 5, ita ke tambayar abin da aka soka mata ko shi wane ne. Filash, firinta, maus, duk masu amsawa ne. Kafar nan mai faɗi da ke jikin kwamfutarka ta tebur da wadda ke jikin laftof ɗin duk kafofin maigida ne. In ka haɗa su da kebul wanda waya ce zalla daga kai zuwa kai, babu mai amsa wa wani, kuma kowace tana turo wutarta cikin 'yar'uwarta, kamar ka haɗa wayar janareto biyu baki da baki duk suna kunne. In an yi sa'a, kariyar da ke jikin madabod, wato babban allon lantarkin kwamfutar, ta katse wutar, ba abin da zai faru. In ba a yi sa'a ba, kafar ta ƙone, wani lokacin ta tafi da sauran kafofin da ke layi ɗaya da ita. Irin waɗannan laftof ɗin suna zuwa mana gyara, kuma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin kebul ɗin sau da yawa.

Akwai kebul na USB na gaskiya da aka yi don wannan aikin. Za ka gane shi da wani ɗan kumburi a tsakiyarsa ko a kai ɗaya, wanda a cikinsa akwai 'yar na'ura da ke nuna wa kowace kwamfuta cewa ita ce mai amsawa, kuma yana zuwa da manhajarsa. A zamanin Windows Vista da Windows 7 an yi yayinsa, domin akwai manhajar Windows Easy Transfer da ke aiki da shi. Microsoft ta cire wannan manhajar daga Windows 10. Yanzu sai ka dogara da manhajar kamfanin da ya ƙera kebul ɗin, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa na USB 2.0 ne, ba su da saurin da giga 400 ke buƙata. Kada kuma ka ruɗe da ɗan dunƙulen baƙin ƙarfe da ake sa wa wasu kebul kusa da kai don rage hayaniyar lantarki, wannan ba na'ura ba ce. In babu kwali, babu sunan manhaja, ka ɗauka waya ce zalla.

Kebul ɗin HDMI hoto da sauti kawai yake kaiwa talabijin, ba ya ɗaukar fayil. Na USB-C da kake cajin waya da shi ma ba zai haɗa maka laftof biyu ba, sai in dukansu suna da kafa irin ta Thunderbolt ko USB4 kuma kebul ɗin na wannan aikin ne. Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta cika samun wannan ba, saboda haka na wuce.

Batun filash ɗinka kuwa, lafiyarsa ƙalau. An tsara shi ne da tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da fili ya rage. In ka sake yi masa fomat da exFAT zai karɓa, amma fomat yana share duk abin da ke ciki. Sai dai giga 400 da filash mai giga 32 sawu goma sha uku ne ko fiye, kowane sawu kwafi biyu, ga kuma haɗarin ka manta inda ka tsaya.

Kebul ɗin LAN

Ka nemi Cat5e ko Cat6, mita biyu ko uku ya ishe ka. Ƙa'idarsa yana kaiwa har mita 100, amma gajere ya fi sauƙin sha'ani. Wataƙila wani ya ce maka sai ka samo wanda ake kira kuros, wato wanda aka sauya wa wayoyin lemo da kore wuri a kai ɗaya. Da can haka ne. Tsofaffin katunan LAN suna aikawa ta fil na 1 da na 2, suna saurare ta na 3 da na 6, don haka in za a haɗa kwamfuta da kwamfuta babu suwici, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci da yawa, a tsakani dole a karkata wayoyin. Katunan gigabit, wato masu saurin megabit 1000 a daƙiƙa, da kansu suke gane yadda aka haɗa su, su daidaita. Ko ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ce ke da wannan, ya wadatar. Kwamfutar da ke ɗaukar Windows 10 ko 11 da wuya ta buƙaci kuros.

In laftof ɗin siririya ce, ba ta da kafar LAN, ka sayi adaftar USB zuwa LAN. Nan ake yawan cutuwa. Ka duba ka ga an rubuta gigabit ko 10/100/1000 da USB 3.0, ka kuma soka ta a kafar da cikinta shuɗi ne ko mai alamar SS. Wadda aka rubuta 10/100 kawai za ta yi aiki, amma bari in nuna maka bambancin da lissafi. Layin gigabit a aikace yana kwashe kamar megabait 110 a daƙiƙa (megabait ɗaya megabit takwas ne), wato giga 400 cikin awa ɗaya da 'yan mintuna in komai ya tafi daidai. Layin megabit 100 yana kwashe kamar megabait 11, wato wajen awa goma. Da irin wutarmu, awa goma ba ƙaramin abu ba ne.

Ingancin kebul ma yana cikin lissafin. Gigabit yana amfani da duka wayoyi takwas da ke ciki, megabit 100 kuwa huɗu kawai. In mai matse kan bai matse da kyau ba, waya ɗaya daga cikin takwas ɗin ba ta taɓa fil ɗinta ba, kwamfutocin ba za su yi ƙorafi ba. Za su sauko kan megabit 100 shiru, kai kuma kana ta mamakin abin da ya sa aikin ke jan ƙafa. Shi ya sa nake ɗaga kan kebul in duba shi a haske kafin in yi amfani da shi: wayoyi takwas su kai har ƙarshen robar, jan ƙarfensu yana leƙowa a gaba, rigar kebul ɗin kuma ta shiga cikin kan ta kamu. Wanda aka matse daga kamfani ya fi kwanciyar hankali in ka samu.

Inda aikin yake da gaske

Soka kebul ba ya cin minti ɗaya. Abin da ke sa mutane su haƙura su ce ba ya yi shi ne Windows, domin ba ta buɗe wa baƙuwar kwamfuta ƙofa haka kawai, kuma tana da gaskiya. Abu uku za ka daidaita: adireshi, izinin rabawa, da sunan mai shiga.

Da farko ka kashe Wi-Fi a duka biyun, ka soka kebul, ka ga ƙananan fitilun kafar sun kama. A gida ko ofis rauta ce ke raba wa kowa adireshi. Nan babu rauta, don haka bayan ɗan jira kowace kwamfuta za ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254. Ana iya aiki da shi, amma na fi son in rubuta da hannuna, domin in san lambar da zan kira. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna Enter. Za ka ga Ethernet. Danna shi da ɓangaren dama na maus, zaɓi Properties, sannan Internet Protocol Version 4, sannan Use the following IP address. A tsohuwar kwamfutar rubuta 192.168.50.1, a laftof 192.168.50.2, layi na biyu kuma 255.255.255.0 a duka biyun. Sauran gurabe ka bar su babu komai. Kafin ka fita daga wurin, danna Ethernet sau biyu ka duba Speed. In ka ga 1.0 Gbps, madalla. In 100.0 Mbps ne, ka tuhumi kebul ko adafta tun yanzu.

Na biyu, izinin rabawa. Tunda babu rauta, Windows takan ɗauki wannan haɗin a matsayin wanda ba ta sani ba, ta sa shi a sahun Public, irin na Wi-Fin otal, inda katangar tsaronta ke toshe raba fayil. Wannan ne dalilin da ya fi kowane yawa in aka ce kwamfutocin ba sa ganin juna. A tsohuwar kwamfutar ka nemi Advanced sharing settings, ka kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Public ɗin, ba Private kaɗai ba. Shi ya sa na ce ka kashe Wi-Fi, domin ba na son ka buɗe wannan ƙofar alhali kana kan hanyar da wasu ke kai. In ka karanta wani tsohon bayani da ke cewa ka yi amfani da HomeGroup, kada ka wahalar da kanka, an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

Daga nan ka je foldar da aikin yake, a ce sunanta Aiki, ka danna ta da dama, Properties, Sharing, sai maɓallin Share. Ka zaɓi wanda zai shiga, ka ba shi Read kawai. Ina son ka lura da wannan sosai. Read yana nufin laftof za ta iya gani ta kwafa, amma ba za ta iya sharewa ko canza komai a tsohuwar ba, ko da hannunka ya kuskure. Akwai wani maɓallin a ƙasa, Advanced Sharing. Shi yana buɗe ƙofar waje ne kawai, bai taɓa izinin da ke shafin Security ba, shi ya sa mutum zai ga folda amma in ya danna a ce ba shi da izini. Maɓallin Share na sama yana gyara duka biyun lokaci guda.

Na uku, sunan mai shiga. A kan laftof ka sake danna Windows da R, ka rubuta \\192.168.50.1 ka danna Enter. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri. Na tsohuwar kwamfutar take nufi, ba na laftof ba. In asusun tsohuwar ba shi da kalmar sirri, kamar yadda yawancin kwamfutocin shago suke, Windows ba za ta bari a shige shi ta kebul ba, sai ka sa masa. In kuma da asusun Microsoft kake shiga, lambobin PIN da kake dannawa da safe ba su ne ba, imel ɗinka da ainihin kalmar sirrinsa ake nema. Abin da nake yi don in huta shi ne in buɗe sabon asusu a tsohuwar kwamfutar, in sa masa suna mai sauƙi da kalmar sirri, in ba shi Read a foldar, in goge shi bayan an gama. Wasu za su ce ka kashe Password protected sharing kawai. A da yana wucewa, amma sababbin fitowar Windows 11, musamman Pro, suna ƙin shiga wurin da babu kalmar sirri, kuma ban ga dalilin da zai sa ka yi ta kokawa da tsaron sabuwar kwamfutarka ba alhali buɗe asusu minti biyu ne.

Gargaɗi ga masu tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, ko da yake ba naka ba ne: ita da tsohon tsarin rabawa na SMB1 kaɗai take aiki, wanda ta kansa ne bairos ɗin WannaCry ya bi ya addabi duniya a watan Mayun 2017, kuma sababbin Windows suna zuwa da shi a kashe. Gara a ciro had-dis ɗinta da a kunna shi.

Kwashewar kanta

Kafin ka taɓa komai, duba filin da ke laftof ɗin. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano suna zuwa da ma'ajiyar SSD mai giga 256, wasu 512, kuma Windows ta riga ta ci nata rabon. Giga 400 ba zai shiga 256 ba, a 512 ma zai bar ta a cushe, aikin bidiyo kuma yana son fili. In haka ne, ka kwashe aikin da ke hannu kawai, tsofaffin bukukuwa su tafi had-dis na waje.

Kwafa za ka yi, kada ka yanke. Kuma kada ka ɗebi giga 400 a danna ɗaya. Fara da aikin da ba ka miƙa wa masu shi ba, domin shi ne in ya ɓace babu inda za a samo shi, ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya yi asarar fayil. Bayan shi sai sauran, shekara-shekara ko wata-wata. Za ka lura manyan bidiyoyi suna gudu, amma da an shiga foldar da ke da dubban ƙananan hotuna sai saurin ya faɗi. Ba kebul ba ne. Kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta sunansa, an rufe, kuma tsohon had-dis mai juyawa yana ɓata lokaci wajen neman kowanne. Sau da yawa shi ne ke ƙayyade saurin, don haka ka sa ran awa biyu zuwa uku maimakon ɗaya.

Ni dai ga aiki mai girma irin wannan ba na jan folda da maus. Akwai wani umarni da ke cikin Windows mai suna robocopy. Bayan ka riga ka shiga foldar sau ɗaya da suna da kalmar sirri, ka buɗe Command Prompt a laftof ka rubuta robocopy \\192.168.50.1\Aiki C:\Aiki /E /R:2 /W:5 ka danna Enter. Harafin E yana cewa a haɗa da duk foldojin ciki. R da W suna cewa in fayil ya ƙi, a gwada sau biyu da jiran daƙiƙa biyar, a wuce. Kada ka bar su, domin in ba ka rubuta ba, robocopy zai yi ta gwada fayil ɗaya har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 a kowane karo. Amfaninsa babba shi ne in aka ɗauke wuta a tsakiya, ka sake rubuta umarnin nan, zai tsallake duk abin da ya riga ya kwafa ya ci gaba. In ya gama zai nuna ɗan jadawali, ka duba ƙarƙashin FAILED ka ga sifili. Za ka iya cin karo da masu ba da shawarar ƙara /MIR. Kada ka ƙara, yana share duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a wurin ɗaukowa, kuma in ka juya adireshin biyu bisa kuskure ɓarnar ba ta da kyan gani.

Laftof tana da batir, ta tebur ba ta da shi. Ɗaukewar wuta tana tsaka da karatu tana iya lahanta tsohon had-dis, don haka ka ɗora ta a kan inbata ko UPS, ko ka tayar da janareto ka tabbatar da mai. Ka kuma shiga saitin wuta na duka biyun ka hana su barci, in ba haka ba laftof za ta yi barci bayan 'yan mintuna, aikin ya tsaya.

Daga nan ban ga kwamfutarka ba, ban ji ƙarar had-dis ɗinta ba, kuma duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan cewa lafiyarsa ƙalau. In kana jin yana ƙas-ƙas, ko kwafi yana maƙalewa a fayil ɗaya, ko kwamfutar tana daskarewa in ka buɗe wata folda, ka tsaya. Matsa wa had-dis mai ciwo ya karanta giga 400 a jere yana iya ƙarasa shi. Wannan aikin mai gyara ne da zai gwada lafiyarsa ya kwafe shi da manhajar da ta san yadda ake tsallake wuraren da suka lalace. In kuma kwamfutar ce ta ƙi tashi amma had-dis ɗin lafiya, ana ciro shi a sa masa adaftar SATA zuwa USB, a soka a laftof kamar filash. Babban na kwamfutar tebur yana buƙatar adafta mai nata cajar bolt 12, wutar USB kaɗai ba ta juya shi. In an kulle shi da BitLocker, wato makullin Windows na had-dis, sai da mabuɗinsa mai lamba 48.

Abin da kebul ba zai kawo maka ba

Fayiloli ne ke tsallakawa, manhajoji ba sa bi. Photoshop, CorelDRAW, Premiere, duk sai ka sake girka su a laftof. Kwafar foldarsu daga Program Files ba ta sa su aiki. Akwai kuma ƙananan abubuwa da masu sana'arka ke mantawa sai sun buɗe tsohon aiki. Salon rubutun da ka tara kana yin katin gayyata da kalanda da su suna cikin C:\Windows\Fonts, wasu kuma a cikin foldar AppData da ke ɓoye. In ba ka ɗauko su ka girka ba, katin da ka tsara bara zai buɗe da wani rubutu daban, layuka su tarwatse. In kana amfani da Lightroom, kundinsa fayil ne dabam da hotunan, kuma a cikinsa duk gyaran da ka yi yake. Aikin Premiere kuma yana tuna inda kowane bidiyo yake, don haka in a tsohuwar suna cikin ma'ajiyar D ne yanzu sun koma ta C, zai tambaye ka ina suke. Kada ka canza sunayen foldoji ko tsarinsu, in ka nuna masa guda ɗaya yakan gano sauran. Ka leƙa Desktop da Downloads ma, nan ne aikin gaggawa ke taruwa.

In an gama, ka danna Properties na foldar a ɓangarorin biyu ka gwada yawan fayiloli da girmansu, sannan ka buɗe bidiyoyi kaɗan daga wurare daban-daban, ka ja su har ƙarshe ka ga suna tafiya. Kada ka yi wa tsohuwar fomat ko ka sayar da ita a wannan makon. Laftof ana ɗaukarta zuwa wurin biki, tana faɗuwa, ana sacewa, don haka tsohuwar ta zauna a matsayin ajiya ta biyu har ka sami had-dis na waje. Tunda Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta ga kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025, zamanta a shago babu intanet ma ya fi mata.

Sai ka koma ncpa.cpl a duka biyun ka mayar da adireshin kan Obtain an IP address automatically, ka kashe File and printer sharing na Public, ka cire rabon foldar, ka goge asusun da ka buɗe. In ka manta da adireshin, ranar da ka soka laftof ɗin a rauta za ta nuna ta haɗu amma intanet ba zai zo ba.